Guraben Sada

A gefen Dayi, daidai inda hanyar Malumfashi ke yin kwana, akwai wata ceɗiya da ta girmi duk mai zama a gindinta. Nan ake dara da rani, bayan an kai auduga kasuwa an tura dawa rumbu, maza sun rasa abin yi da hannuwansu. Duk wanda ya zauna a wurin a shekarun da aka daina kashe fam aka koma naira, in ka ambaci Sada, sai ya yi dariya tukuna kafin ya ce Allah ya jiƙansa.

Sada bai iya dara ba. Hira ma bai iya ba, in ana ba da labari shi ne mai yin dariya bayan kowa ya gama tasa. Ba shi da sarauta, ba shi da keke, karatunsa kuma bai wuce na salla ba. Abu guda ne ya ba shi tabarma a cikin manyan unguwa: shi ke haƙa guraben dara, kuma ba a fara wasa sai ya zo. Ya san da haka sarai. In aka cire wannan, Sada mutum ne da za a gaisa da shi a hanya a wuce, shi ya sa ya riƙe aikin da hannu biyu.

Halin kuwa da shi aka haife shi. Inna, mahaifiyarsa, takan ce tun yana rarrafe in an ba shi gyaɗa ba zai ci ba sai ya jera ta, manya gefe ƙanana gefe, kafin ya gama kaza ta rage masa aiki. Ranar da aka kawo masa amaryarsa Hansai, danginta suka wuni suna jeren tasoshi da kwanoni a bango. Kwana kaɗan ta leƙa waje ta dawo, ta tarar ango ya sauke su duka yana gwada bakinsu da kara. Ta yi kuka ranar har idonta ya kumbura. Daga baya ta gane mijin nata ba mugu ba ne, abu a karkace ne kawai ba ya iya gani ya wuce.

A gona ma haka. Kunyoyinsa ne suka fi na kowa miƙewa daga nan har Kafur, kuma su ne na ƙarshen gamawa. Maƙwabta na noman farko shi yana gwajin tazara. Shekarar da malaman gona na gwamnati daga Funtua suka zo a kan babura da igiya mai ƙulli-ƙulli, suna cewa a riƙa shuka masara a layi a bar mata tazara ɗaya, manoma suka yi ta gunaguni. Sada kaɗai ya koma gida yana murmushi, ya ce wa Hansai ashe gwamnati ta fara hankali.

Sau ɗaya ya taɓa zama ya yi dara, yana saurayi. Wasan ai ba wuya a faɗa: gurbi talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wanda ya jera uku a layi ya cinye ɗan abokin wasansa guda. Sada ya jera uku ya ci, jama'a suka ce ashe yaron zai yi. To, a dara sai ka ɓata jeri kake sake gina wani. Sada ya dubi ukun nan nasa sun zauna ɗas a layi, ya ji ba zai iya taɓa su ba. Ya yi ta yawo da sauran ana cinye su ɗai-ɗai, ya tashi an lallasa shi, amma yana ganin shi bai yi asarar komai ba tunda jerinsa na nan. Tun ranar ba wanda ya ƙara zama da shi, shi ma bai nema ba.

Haƙar gurbi kuwa, nan ya sami kiwon da ya karɓe shi. Da an sauko daga azahar zai iso da burgaminsa a rataye. Ya share wurin, ya yayyafa ruwa, ya tsaya sai ƙasa ta sha. Ya ja igiyar rama ya fitar da layi. Yana da wani kara mai tsawon taƙi guda, da shi yake gwada tsakanin gurbi da gurbi. Gurbin kansa da gindin ludayi yake danna shi, ludayi ɗaya tak, wanda ya ɓace daga madafar Hansai tun shekarar aurensu, kuma ba ta taɓa cewa ta yafe ba. Manya na zaune suna tsaki suna cewa ya yi sauri, shi kuwa ko a jikinsa. In na ashirin da tara ya kauce da faɗin farce, sai ya shafe duka ya sake.

'Ya'yan darar ma sai sun bi ta hannunsa. Ɗan wasa ɗaya tsakuwa yake riƙewa, ɗayan kuma guntayen kara da ake cakawa a tsaye cikin gurbi. Karan, Sada ke yanka su daidai tsawon babban yatsansa. Tsakuwar kuwa daga rafi yake tsinto ta, kuma yana da wata sakaina mai huda biyu: wadda ta ƙi wucewa ta babbar hudar ta yi girma, wadda ta zurare ta ƙaramar ta yi kaɗan. Mata masu wanki sun sha ganinsa a tsugune a bakin ruwa yana jefar da duwatsun da ba su yi masa laifin komai ba.

Baƙin cikinsa ɗaya, aikin ba ya kwana. Da jama'a sun watse kaji za su zo su yi birgima a guraben, awaki su tattake sauran, iska ta share abin da ya rage. Kullum sai an sake daga farko. Kullum kuma sai ya yi ƙorafi, yana cewa da ƙasa na jin magana da ya huta. Bai taɓa lura da cewa kajin nan ne ke riƙe masa tabarmarsa ba.

Gwanayen wurin biyu ne, kuma sa'o'in juna ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Akwai Maitama, tsohon dillalin hatsi, mai babbar riga da babbar murya, shi ne mai tsakuwa. Akwai Bitrus, manomi, dattijo a cocinsu, mai sanyin magana, shi ne mai kara. In la'asar ta yi Maitama zai tashi salla ya bar wasan a buɗe ko waiwaye ba ya yi, don ya san Bitrus ba zai taɓa ba. In kuwa Bitrus ne zai zaga bayan itace, sai ya sa Sada gadi, ya kuma ƙirga karansa kafin ya tashi.

Dalili shi ne Maitama yana da wata dabara da ya tsufa da ita. In wasa ya matse shi, sai ya ɗauki tsakuwa ya ɗora ta a kan ɗan tudun da ke tsakanin gurbi biyu, ba ta nan ba ta can. Ya sauke hannun riga, ya ɓalle da labarin wani jaki da ya taɓa gani a Tsiga. Sai ya ga inda Bitrus ya matsa, sannan ya rantse cewa tsakuwarsa tun ɗazu tana gurbin da ya fi masa amfani.

Bitrus ba ya ɗaga murya. Yakan ce, “Sada, zo ka ga ɓarawonka.”

Sada zai kwanta ya kafa kunci a ƙasa, ya rufe ido ɗaya, ya duba inda tsakuwar ta fi rinjaya, ya sa yatsa ya tura ta ciki. Sannan ya faɗi maganar da ita kaɗai aka san shi da ita: “Ɗa ko yana gurbi, ko ba ya cikin wasa.”

“Wa ya sa ka?” in ji Maitama. “Kai alƙali ne? Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kowa ya ga inda na aje abina.”

Daga nan 'yan kallo su rabu biyu, a yi ta musu har a tono laifin kakanni. Direbobin Malumfashi kan rage gudu a kwanar don su ji inda aka kwana. Sada kuwa ya koma tabarmarsa da ƙasa a kunci, ransa fes.

Siminti ne ya shiga tsakani. Shekarar da su Bitrus suka yi wa cocinsu daɓe, Sada ya bi ta wurin zai je gona, ya leƙa ta taga. Ya ga birkila na jan katako a kan jiƙaƙƙen siminti yana fitowa sumul. A ɓangaren da ya riga ya bushe kuma ya ga wata kaza ta shigo, ta yi tono iya ƙarfinta, ta fita ba ta bar ko alama ba. Sada ya daɗe a tagar nan. Ranar bai je gonar ba.

Da aka gama aikin rabin buhu ya rage, har ya fara daskarewa a gindi. Sada ya yi ta zarya gidan Bitrus, Bitrus ya yi wa sauran dattawan magana, suka ce a ba shi ya huta. Ya ɗauko shi a ka ya shigo gida kamar wanda ya ɗauko amarya.

Hansai na tankaɗe, ta saurari bayanin guraben simintin da zai yi har ƙarshe. Ta ce, “To Malam, in ka yi wanda ba ya lalacewa, gobe mi za ka je yi?”

“In je in duba shi mana.”

“Jibi fa?”

“Ke ba ki san aikin maza ba. Ba ni rariyar nan in kin gama.”

Da rariyar tuwonta ya tankaɗe yashi. Ya hana dara kwana da kwanaki, manya na zaginsa yana jin daɗi. Ya kafa katako huɗu, ya kwaɓa, ya zuba, ya ja igiya, ya bi da karansa mai taƙi guda, ya danna gindin ludayi sau talatin tun simintin na ɗanye. Sannan ya yi abin da ya fi alfahari da shi: ya ɗauki wuƙa ya bi duk tudun da ke tsakanin gurabe ya fiƙe shi, ya gangarar da shi hagu da dama, yadda ko ƙwayar gero ba za ta iya zama a kai ba. Ya zauna gadi da sanda har ya bushe, yana ba shi ruwa safe da yamma, Hansai na kai masa abinci can. Wata tsohuwa da ta zo wucewa ta tsaya ta duba, ta tambaya wa za a soya wa waina a wannan ƙatuwar tanda.

Ranar buɗewa har mutanen wata unguwa sun zo. Aka zauna, Maitama ya fara zubawa. Don ya gwada, ya ɗora tsakuwarsa ta farko a kan tudu. Ta gangara ƙwal cikin gurbi. Ya ɗauko ya sake ɗorawa a hankali, yana riƙe numfashi, ta sake gangarawa. Jama'a suka kwashe da dariya, wannan karon har da Sada, kuma a kan lokaci. Duk rayuwarsa bai taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokacin ba.

Sai Bitrus ya ɗauki karansa ya caka. Karan ya kwanta. Ya sake cakawa da ƙarfi, ya karye. Shekara da shekaru ƙasa ce ke riƙe wa Bitrus karansa a tsaye, ba wanda ya taɓa tunawa da haka, har shi Sada da ya auna komai. Ya ce a dakata, zai ruga rafi ya tsinto fararen tsakuwoyi a madadin kara. Kafin ya gama rataya burgami, Susana matar Bitrus, wadda ke da teburin sayar da lemo a bakin titi, ta tsallako da kwano ta juye musu marafan kwalba. Ta ce ɗaya ya kife nasa, ɗaya ya bar su a buɗe, a daina ɓata wa mutane lokaci. Maitama ya tattara tsakuwoyinsa ya zuba a aljihu yana ƙunƙuni.

Sada ya ce sai an gwada tukuna. Ya fito da sakainarsa ya bi marafan ɗaya bayan ɗaya. Duk girmansu ɗaya. Ya sake bi daga farko, yana fatan ya sami ko guda da ya kauce, bai samu ba. Ya ce lalle masu yin su sun iya aiki, ya mayar da sakainar cikin burgami.

Washegari ya iso bayan azahar da burgaminsa, don ƙafa ba ta san an yi siminti ba. Ya tarar har an ci wasan farko an shiga na biyu. Ba wanda ya yi da mugunta, ba dai wanda ya ga dalilin jira. A inda yake shimfiɗa tabarmarsa wani mai gyaran keke ne zaune. Sada ya tsaya. Can ya hango ɗan ƙura a wani gurbi, ya sunkuya zai hure.

“Matsa, Sada, kana tare mana haske,” in ji wani daga cikin 'yan kallo.

Ya matsa. Ya duba aikinsa daga nesa, kamar yadda ya ce wa Hansai zai yi, ya ga ba abin da ya same shi. Kashegari ma ya duba. Kaji sun zo sun gwada sun haƙura, akuya ta hau ta sauka. Ya fara zuwa a makare, ba wanda ya ce ina ka tsaya. Rannan bai je ba sam, ya zauna a zaure yana kasa kunne ko za a aiko, har aka kira magariba.

Abin ya yi masa ciwo, irin ciwon da ba a kai ƙararsa, don da hannunsa ya yi. Dara ta ci gida. Da ma a ce wani ne ya ƙwace masa wurin, da ya sami wanda zai ƙi gaisarwa.

Gidan ne ya ɗauki nauyin. Ya jera itacen girki bisa tsawo. Ya ware albasar Hansai gida uku. Ya gwada ƙafafun gadonta ya ce ɗaya ta fi, ya yanke, ya ga yanzu sauran ukun ne suka fi, ya bi su, har gadon ya kusa zama tabarma. Ranar da ta same shi yana ƙoƙarin tsayar da 'yan tsaki a layi, ta ajiye tulu ta ce in bai nemi wurin zuwa ba ita za ta nema.

Ita ce kuma ke kawo masa labarin gindin ceɗiya daga bakin rijiya, ko da yake yakan yi kamar ba ya saurare. Wai Bitrus na ta cin Maitama, safe da yamma, ci ba musu. Wai tunda ba abin da za a yi gardama a kai, 'yan kallo sun fara hamma suna zamewa, direbobi kuma sun koma wucewa a guje. Maitama ya ce marafan ne ke da santsi, ya ce rana ce ke haske masa ido a kan siminti. Daga baya ya daina fitowa, ya aiko cewa ƙafa ce ta matsa masa.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, Bitrus ya yi sallama a ƙofar gidan Sada, da farar rigarsa ta zuwa sujada. Suka gaisa, suka tambayi iyali da zafi. Bitrus ya dubi itacen da aka jera a bakin zaure bisa tsawo.

“Sada, so nake ka zo ka haƙa mana a ƙasa.”

Sada ya zabura. “Tsagewa ya yi?”

“Ko ɗaya.”

“Wani gurbin ya fi wani?”

“Allah ya sani, ban taɓa ganin aiki mai kyau irin shi ba. Jikokinmu za su same shi.” Bitrus ya gyara zama. “Amma tsohon nan ya ƙi fitowa. Wai ƙafa. Ƙafar da jiya aka gan ta a kasuwar Kafur.”

“Ai kai ke ci yanzu, Malam Bitrus. Na ji an ce kullum.”

“Ina ci. Kamar tuwo ba miya.” Ya yi ɗan murmushi. “Tun muna kiwo yake mani wannan satar, da 'ya'yan ƙanya ma ya yi ta. Ka zaci ban iya hana shi ba? Ni daɗin darar a wurina in kama shi, shi daɗinta ya ga ko yau zan yi barci. Kai kuma ka zo ka kwanta a ƙasa ka raba mu. Yanzu ka zuba mana siminti mu uku duka.”

Sada bai taɓa sanin ana lissafa shi na uku ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, don idonsa ya kawo ruwa kuma ba ya son baƙo ya gani.

Da Bitrus ya tafi ya shiga cikin gida ya zaro kara daga dannin rumbu. Ya gwada taƙi guda, ya ɗora wuƙa. Ya tsaya. Ya matsar da wuƙar gaba da faɗin yatsa ɗaya, ya rufe ido ya yanke. Hansai, wadda ta shekara ashirin tana kallon tsohon karan, ta gane nan take.

“Wannan ai ya fi taƙi, Malam.”

“Na sani.”

“Tudun zai yi faɗi.”

“Na ce na sani. Ki bar ni da abin da ke damuna.”

Ta juya tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce a gaida manya.

Washegari bayan azahar ya share wuri a gefen simintin, ya yayyafa ruwa, ya ja igiya. Layin ya miƙe kamar kullum, guraben kai ɗaya kamar kullum, sai dai tsakaninsu akwai tudu mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, wanda tsakuwa za ta zauna a kai ta miƙe ƙafa. Duk tudun da ya lallaɓa sai ya ji kamar haƙori ake cire masa. Ya yanka sababbin kara ya ba Bitrus. Sannan ya nufi gidan Maitama, ya same shi a zaure ya miƙe ƙafa ɗaya an shafa mata man shanu.

Bayan gaisuwa da ya jiki, Sada ya ce, “Baba Maitama, tsakuwoyina na zo karɓa.”

“Waɗanne tsakuwoyinka?”

“Waɗanda ka zuba a aljihu. Na haƙa a ƙasa, za a ba wani ya zauna da Malam Bitrus, tunda kai ba lafiya.”

Maitama ya daɗe yana kallonsa. “A ƙasa ka ce?”

“A ƙasa.”

“Wani wa za a ba? Duk unguwar nan wa ya isa ya riƙe tsakuwata? Miƙo mani sandar can.”

Ya fito yana ɗingishi da ƙafar dama. Kafin su kai kwana ya koma ta hagu, da ya hango ceɗiya kuma ya manta da duka biyun. Labari ya riga su isa, wurin ya cika. Susana ta riga ta kwashe marafanta, ta zuba ruwa a guraben simintin, kaji sun jeru a kai suna sha, kowace da gurbinta. Mai gyaran keke ya ga Sada ya tashi ba a ce masa ba, Sada ya shimfiɗa tabarmarsa a inda take a da.

Aka zuba 'ya'ya, aka fara matsawa. Ba a jima ba Bitrus ya matse Maitama a kusurwa. Maitama ya ɗauki tsakuwa, ya shafa tudun da ɗan yatsa, ya ji faɗinsa. Ya ɗago ya dubi Sada, Sada ya kau da kai yana kallon titi. Maitama ya ɗora tsakuwar a kai, ta zauna daram. Bai sauke hannun riga ba, bai kawo labarin jaki ba. Bitrus ma bai matsa ba. Sada kuwa na ta kallon wata motar auduga da ta riga ta wuce.

“To, Sada,” in ji Maitama, “ko hannun ya mutu ne? Kai muke jira.”

Sada ya taso. Ya kwanta ya kafa kunci a ƙasa, ya rufe ido ɗaya. Ya daɗe a haka fiye da yadda aikin ke bukata, don idon da ya bari a buɗe ba ya gani sosai. Da ya washe, ya ga tsakuwar ta ɗan rinjaya hagu, gurbin da zai sa a cinye Maitama. Ya sa yatsa ya tura ta can.

“Ɗa ko yana gurbi, ko ba ya cikin wasa.”

“Wa ya sa ka?” Maitama ya daka tsawa har kajin suka watse. “Kai alƙali ne? Jama'a ku gane mani mutumin nan, a gurbin dama na aje abina, kowa ya gani.”

'Yan kallo suka rabu biyu. Wata motar Malumfashi ta rage gudu a kwana, direban ya leƙo. Sada ya koma tabarmarsa ya zauna ana ta zaginsa, bai ko share ƙasar da ke kuncinsa ba. Da magariba ta yi aka watse, ya tsaya ya ga kaji sun bar simintin sun nufo sababbin guraben, ya rataya burgaminsa ya ba su hanya.